Ciyawar Bratta

Tun ranar da aka kai Eilif gidan kula da tsofaffi, can cikin gari a bakin ruwa, ɗansa Torleiv ya ɗaukar wa kansa wani aiki: kullum zai ɗauki hoto ɗaya a gonarsu, har shekara ta zagayo. Ba wata gwaninta gare shi ba. Tsohuwar kyamara ce yayarsa ta bar masa, shafin da yake saka hotunan a intanet kuma 'yan tsirarun mutane ne ke leƙa shi. Amma a cikinsu akwai wanda ba ya fashi. Kowace safiya, in an ba Eilif kofi, sai ma'aikaciyar gidan ta jingina masa kwamfutar hannu a kan tebur, ya ƙura wa hoton ido ya daɗe. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, amma ido da baki suna nan yadda suke. In ya gama kallo sai ya sa a buga wa ɗansa waya.

"Tunkiyar nan mai baƙin kunne tana ɗingishi."

"Hoto ne fa, Baba. Ta yaya ka ga ɗingishi a hoto?"

"Dubi tsayuwarta. Je ka duba ƙafar baya."

In ya je kuwa, sai ya tarar da tsakuwa a kofato.

Haka suka ci hunturu. Dusar ƙanƙara a kan rufin rumbun ciyawa, sawun dila a bayan kejin kaji, 'yan tumakin farko suna rawar sanyi, daga baya furen dankali. Kyamarar ta zama 'yar gida a aljihun rigar Torleiv, har ya lura ya fara ganin abubuwan da ya yi shekaru yana wuce su. Wata safiya ya kama hazo kwance a kan ruwa, ƙaramin jirgin fito yana fitowa daga cikinsa, wata mata daga wata ƙasa ta rubuto cewa ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ya karanta maganarta ya sake karantawa. Eilif kuwa abin da ya ce a kan hoton shi ne, shingen da ke gefe yana son gyara.

Da Yuli ya kama, wata safiya tsohon ya bugo, bai yi zancen hoton ba sam.

"Torleiv, juya kyamarar nan hagu."

Hagu ita ce Bratta, gangaren da ke bayan gida, wanda tarakta ba ta isa ta hau ba. Eilif ya yanke ta da dogon lauje tun yana saurayi, ubansa ma haka. Gangaren maƙwabta duk an bar su, itatuwa sun cinye. Bratta kaɗai ta rage, kore shar a jikin dutse, daga cikin jirgin fito ma ana hango ta. Torleiv ya riga ya yanke filin ƙasa da tarakta, an naɗe ciyawar a farar leda. Amma tun watan jiya yake tsayawa ta yadda Bratta ba za ta shiga hoto ba. Yana yaro ɗaukar ciyawa kawai ake sa shi, da ya girma kuma ya yi shekaru yana aikin jirgi. Bai taɓa yin aikin shi kaɗai ba.

"Ciyawar ta kai, ko?" in ji Eilif.

"Ta kai."

"Shekara ɗaya ka bar ta, ta biyu itace ya shigo, ta uku sai a ce da can akwai gona a nan. In ba za ka iya ba ka faɗa mini, ba laifi ba ne. Ni dai kar ka ɓoye mini ita."

Da faɗa ya yi masa da ya fi sauƙi.

Washegari, tun raɓa ba ta bushe ba, Torleiv ya sauko da laujen daga bango, ya wasa shi, ya hau. Kafin rana ta ɗaga tafin hannunsa ya yi bororo. Hoton ranar lauje ne a kwance, da layukan yanka a karkace kamar tafiyar mashayi.

"Sara kake yi kamar mai faskare," in ji Eilif da safe. "Bar bakin ya kwanta a ƙasa. Ƙugu ke yanka, hannu rakiya yake yi."

Kullum ya yanka, kullum ya ɗauka, kullum a gyara masa. Sannu a hankali layukan suka miƙe. Sai ya fito da dirkoki daga ƙarƙashin rumbu, ya laluba tsofaffin ramukansu cikin ciyawa ya kafa, ya ja igiyoyin ƙarfe hawa-hawa daga wannan dirka zuwa waccan. Hesje ke nan, mashanyar ciyawa, tunda a ƙasar nan wanda ya bar ciyawa a ƙasa ta bushe ya bar wa ruwan sama.

A bangon ɗakin zamansu akwai tsohon hoton kakansa tsaye gaban hesje, ciyawa cike kamar katanga. Shi ne a ran Torleiv yana aiki. Ya yi ta rungumo ciyawa yana dannawa a kan igiyoyi, duk inda ya ga rami ya cusa, har ba ka ganin komai ta ciki. Da yamma ya ba rana baya ya ɗauka. Katanga kore, ruwa shuɗi a ƙasa, dutse a sama. Bai taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba. Kafin ya ci abinci mutanen da bai sani ba sun fara yabo.

Safiya ta yi, waya ba ta yi ƙara ba. Ya sha kofi, ya duba tumaki, ya dawo, shiru. Yana tsaye a ƙofar gida sai ya hango Gunnvor tana hawowa, manjagara a kafaɗa, kwando a hannu. Maƙwabciyarsu ce, tsarar Eilif, tare suka yi makaranta, kuma tun lokacin ba su daina tsokanar juna ba.

"Ubanka ya bugo mini," ta ce, tana haki. "Wai in zo in ga katangar da ka gina. Ina ƙofarta? Ko taga ma ba ka bari ba."

Ba ta jira amsa ba ta wuce Bratta, ya bi ta. Ta naɗe hannun riga ta cusa hannu cikin ciyawar har gwiwar hannu.

"Sa naka, ɗan Eilif."

Ya sa. Cikin da ɗumi, kamar burodin da bai gama hucewa ba.

"Ta fara zafi," in ji ta. "Ka ƙara mata kwana biyu ta yi fumfuna, ko tunkiyar da ta fi kowa kwaɗayi ba za ta kalle ta ba. Iska ce ke busar da ciyawa, kai kuma ka hana ta hanya."

"To hoton kakana fa? Tasa a cike take."

"Daga nesa kowa kyakkyawa ne. Ni ma haka mijina ya ce."

Torleiv ya dubi hannunsa, ya dubi aikin da ya kwana yana jin daɗinsa. "Me ya sa bai faɗa mini da kansa ba?"

"Ya ce daga ganin hoton ya san yadda ka ji da ita, bakinsa ba zai iya ba. Ni kuwa ba abin da bakina ba ya iyawa. Sauke ta. Rediyo ya ce ruwa na tafe da yamma."

Suka sauke ta kaf. Da yake shanya mai sirara ta fi cin wuri, dirkokinsa suka kasa, ta aike shi bayan rumbunta ya kwaso na marigayi mijinta, waɗanda suka yi shekaru a jingine. Ta nuna masa yadda ake ɗiban ciyawa kaɗan a karkaɗe ta har ta saki jiki, a rataya a igiyar ƙasa tukuna, ba tare da ta taɓa ƙasa ba, a yi ta hawa. Ta sama kaɗai ake yi wa kauri, ta zama rufi.

"Karkaɗe ta mana, ba jaririya ba ce."

"Ina karkaɗewa."

"Haka ubanka ma yake cewa, uwarka na bin bayansa tana gyarawa. Kar ka gaya masa na gaya maka."

Da rana suka zauna a kan dutse, ta fito da svele, irin fanken ƙasar, da man shanu da sukari daga kwando, suka ci suna kallon gizagizai na taruwa a bakin teku. Torleiv bai gama tauna ba ya miƙe. Yatsunsa na jini, bayansa kamar an dake shi, amma hannun ya fara gane nauyin da ya kamata ya ɗiba ba sai an faɗa masa ba. Can sai ya lura Gunnvor ta daina gyara masa, zancen jikokinta take yi.

Suna rataye ta ƙarshe iska ta juya. Ya zaro kyamara zai koma inda ya tsaya jiya.

"Ba nan ba," in ji ta. "Ya ce ka zagaya baya, ka fuskanci rana."

"Hoto ba ya kyau in an fuskanci rana."

"Wa ya ce maka kyau yake nema?"

Ya zagaya. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadari, ya ɗauka. Hoton ya fito duhu, ba kore, ba ruwa, sai dogon baƙin abu da haske na ratsa shi ta ko'ina kamar rariya. Kafin su kai gida ruwa ya sauko.

A shafin ba wanda ya ce uffan a kan wannan hoton. Amma da safe waya ta yi ƙara.

"Yanzu tana numfashi," in ji Eilif.

Torleiv ya jira sauran, ya san akwai saura.

"Dirkar can ta ƙarshe ta karkace. Amma bar ta. Kar ka taɓa komai sai na ce."

Ruwa ya yi ta zuba kwana da kwanaki. Kullum Torleiv ya sa rigar ruwa ya hau Bratta, ya ɗauko hoton ɗigon ruwa na gangarowa daga rufin ciyawar, ya sa hannu ciki ya ji ta a sanyaye. Wani lokaci zuciyarsa ta ce masa duk wahalar ta tashi a banza. Da safe tsohon ya duba ya ce, "Bar ta." Sai ga iskar arewa ta zo ta share sama. Ta yi kwana biyu tana kaɗawa, ciyawar ta fara ƙara in an taɓa ta.

"Yau," in ji Eilif.

Ya yi ta ɗaure ta da igiya yana goyowa zuwa rumbu, sawu bayan sawu, har Bratta ta koma fes, sai dirkoki tsaye.

Al'ada ce ranar da aka gama yanka a dafa kunun kindirmo. Gunnvor ta ce ba za a sha shi ba sai da mai gona, ta juye a tukunya ta naɗe da tawul, suka shiga mota zuwa gari. Torleiv ya cusa danƙin ciyawa a jakar takarda.

Suka tarar da Eilif a ɗakin cin abinci, cikin kujerarsa mai taya, tsofaffi na zaune nan da can.

"Har yanzu ba ka mutu ba?" in ji Gunnvor.

"Ina jira ki riga ni, ki share mini wuri."

Torleiv ya ajiye masa jakar a cinya. Tsohon ya sa hannun hagu ya zaro ciyawar. Ya murɗa ta kusa da kunne ya saurara. Ya duba launinta a hasken taga, har yanzu da sauran kore, ga busassun furanni a ciki. Sa'an nan ya kai ta hanci, ya rufe ido, ya daɗe haka, har Torleiv ya kau da kai ya dubi waje.

Ƙanshin ya bi ɗakin. Wani tsoho mai sanda ya matso, wata ta turo kujerarta. Ciyawar ta fara yawo hannu zuwa hannu, kowa na shinshinawa.

"Wannan ba ta leda ba ce," in ji mai sandan. "Ta hesje ce. Daga ina?"

"Bratta," in ji Eilif.

"Har yanzu ana yanke Bratta?"

"Ana yankewa." Ya nuna Torleiv da haɓa. "Ɗana ne. Shi ya yanka, shi ya shanya, shi ya goyo ta."

Gunnvor ta buɗe tukunya.

Suna cikin sha Eilif ya jawo hannun rigar ɗansa. "Wannan baƙin hoton, mai haske a ciki. Ka wanko mini shi babba, a rataya inda zan gan shi daga gado."

"Ba mai koren ba? Shi mutane suka fi so."

"Su rataya shi a gidajensu."

Ciyawar ta gama zagayenta ta dawo hannun mai ita, ya riƙe ta gam a kan bargon cinyarsa. Torleiv ya tuna bai ɗauki hoton ranar ba. Ya zaro kyamara daga aljihu, ya durƙusa gaban kujerar.

"Me za ka ɗauka a nan kuma?"

"Kar ka motsa hannun, Baba."

Tsohon bai motsa ba.