Gwiwar Sugeng Ranar Salla

An miƙe ƙafar Sugeng ta dama a kan benci, ɗaure cikin ƙarfe daga cinya zuwa idon sawu. 'Yan uwa sai tsallake ta suke yi, ɗauke da kwanukan miyar kaza mai madarar kwakwa.

Mako biyar ke nan da yi masa aiki a Surabaya. Likita ta gutsuro guringuntsin gwiwarsa kamar ƙwayar shinkafa, aka rene shi a kwalba har ya yaɗu, aka dasa a inda tsohon ya cinye. Ta ja masa kunne: wata uku babu durƙuso, in dashen ya ɓalle shi da koyar da wasan motsa jiki sai kallo.

Likitar dai ta manta da ƙaramar Salla. Mu nan Klaten ba a neman gafarar uwa a tsaye. Da gwiwa ake rarrafawa har gabanta, a kifa kai a cinyarta, manya kafin ƙanana. Ga shi shekara uku Mbok Painem, mahaifiyar Sugeng, ba ta ce masa uffan ba, tun da aka binne ubansa yana can wajen gasar ɗalibai.

"Mas, kada ka soma," in ji matarsa Lastri, ƙasa-ƙasa, da lakabin da mata ke kiran mazansu a nan. "Ka sunkuya da sandunanka, ai tana ganin ƙafar."

"Tana gani. Tun safe ta ce mini sannu?"

Wansa Harjo ya gama nasa, ya taso yana karkaɗe zane. "Ɗan birni, layi ya zo kanka. Ko gwiwar kwalbar ba ta san tsofaffi ba?"

Aka yi dariya. Harjo ba mugu ba ne, baki ne da shi kamar reza, kuma bai taɓa sanin inda ake tsayawa ba.

Sugeng ya dogara sanduna har gaban kujerar mahaifiyarsa, ya sunkuya iya ƙarfinsa. "Mbok, na zo neman gafara."

Tsohuwar ta dubi bango. Hannuwanta na kan cinya, ba su motsa ba. Ƙanne da jikoki sun jeru a bayansa bisa gwiwoyinsu. Tsoro ya kama shi, na likita da na wannan shirun nata, ya rasa wanda ya fi.

Ya miƙa wa Lastri sandunan. Ta ƙi karɓa, suka zube a tabarma. Ya kwance maɗauran ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, ya dafa hannun kujera, ya sauka. Can cikin gwiwar wani abu ya goce, babu ko ƙara. Gumi ya karyo masa.

Da goshinsa ya taɓa cinyarta, hannunta ya sauko a kan ƙeyarsa.

"Na yafe, ɗana. Ni ma ka yafe mini, tsufa ne." Ta shafa gashinsa sau biyu. "To, tashi, ƙannenka na jira."

Ya yunƙura, ƙafar ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, hawaye suka zubo a zanenta.

"Ku ƙyale shi," in ji Mbok Painem, muryarta cike da jin daɗi, ta ƙara danne kansa. "Shekara uku yake tara wannan kukan."

Lastri ta tsuguna tana tattara maɗauran, ba ta dubi kowa ba.