Ruwan da Aka Ɗebo Daga Huhun Akawal

Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. A aji huɗu na bar makaranta, ni kuma ko magana da baki nauyi take yi mini, balle rubutu. Amma ban iya yi wa likita godiya a gaban mutane ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ni da Baba muke kula da dawaki tara a bargar wani mutum da ke koya wa yara hawa. Ƙafa ta fara damun Baba, don haka shara da ba da ciyawa sun dawo kaina. A cikin dawakin akwai wani baƙi, tsoho, da muke kira Akawal. Wata biyu ya yi yana tari, ko tafiya kaɗan ya yi sai haki, cikinsa na ɗagawa. An yi masa allurai, ba sauƙi.

Mai barga ya ce, "Idan cutar mai yaɗuwa ce, ba zan yi asarar takwas saboda ɗaya ba. Mahauta za su zo su ɗauke shi."

Baba ne ya roƙe shi a kira likitar dabbobi tukuna. Ta zo da hantsi, na fito mata da Akawal fili saboda haske. Ta yi masa allurar da ta sa ya sunkuyar da kai, ta zura siririn tiyo ta hancinsa har cikin huhu, ta tura ruwan gishiri da sirinji, sannan ta zuƙo shi. Ruwan ya dawo da kumfa, ya yi gurɓi-gurɓi.

Baba ya ce, "Likita, yanzu a wannan wankin kwanon za a ga ciwo?"

Ta yi dariya. "A ciki za a gani, Baba. Idan huhu ya kumbura, ƙwayoyin da ke kare jiki sukan zubar da wani sinadari da muke kira enzayim. Za mu auna yawansa, mu kuma duba ko akwai ƙwayar cuta."

Bayan kwana huɗu ta dawo da takarda. Muka tsaya a fili, har da mai barga.

"Enzayim ɗin ya hau sosai, huhunsa a kumbure yake," in ji ta. "Amma ba mu ga ƙwayar cuta ba. Ya fi kama da asma, wato akwai abin da yake shaƙa kullum. Sai dai filin nan akwai iska. Idan ban gano dalilin ba, ba zan iya cewa zai warke ba."

Mai barga ya duba agogonsa. "To ni dokin da ba ya hawuwa, me zan yi da shi?"

Ni kuwa na san dalilin. Tun ranar da ya fara tari na ɗauka sanyi ne ya kama shi, sai na toshe tagogin ɗakinsa biyu da buhuna, kamar yadda Inna take rufe mu idan muna mura. A gabansa nake kakkaɓe busasshiyar ciyawa don kada ya ci datti, yana ciki kuma nake shara don kada iska ta buge shi. Na san idan na faɗa, aikina da na Baba na iya tafiya.

Na ce, "Anti likita, ba ki ga ɗakinsa ba."

Ba ta ji ba, sai da Baba ya ce, "Ɗaga murya mana, ba sata kika yi ba."

Na kai ta. Tana shiga ta yi atishawa sau biyu. Ta dubi buhunan, ta dubi tulin ciyawar, ta dube ni. Na faɗa mata komai, idona a ƙasa.

Mai barga ya fara cewa, "Ashe ke ce—"

Likita ta katse shi. "Ranka ya daɗe, na shiga barguna da yawa, sai in yi wata ina tambaya ba wanda zai gaya mini gaskiya. Ita ta rage mana wahala. Dokinka bai da abin da zai shafa wa sauran." Ta juyo gare ni. "Ƙanwata, doki ba jariri ba ne. Buɗe masa taga, ki jiƙa ciyawar kafin ki ba shi, ki fitar da shi in za ki yi shara. Zan rubuta magani, amma babban maganin yana hannunki."

Mai barga ya ce a ba Akawal wata guda a gani. Da likita ta shiga mota na so in yi magana, sai hannu kawai na ɗaga.

Washegari da sassafe na ciccire buhunan, na ɗaure Akawal a gindin bishiya, na cika baho da ruwa na danna ciyawar a ciki. Da na kawo masa ya shinshina, ya kau da kai, sai da na tsaya a gefensa kusan rabin awa kafin ya fara ci.