Wanda Ya Karanta Sanarwar Soja

Mai-Labarai ya sauko matakala yana haki, ya tura ƙofar ɗakin ajiyar kaset ko sallama babu. Shekara ashirin da biyu rabonsa da gidan talabijin ɗin nan da ya yi aikin karanta labarai, kuma da don ta shi ne da bai sake tako shi ba. Amma Auta, 'yarsa lauya, ta ce ƙarfe sha ɗaya za ta zo neman wani kaset, shi kuwa dole ya riga ta.

Bakinsa ne ya ja masa. Shekara talatin yana ba da labari ɗaya: ranar da sojoji suka ƙwace mulki, wai sun ɗora masa bindiga a ƙeya, suka miƙo takardar sanarwa, shi kuma ya dubi kyamara ya yaga ta gida biyu. 'Ya'ya sun haddace, jikoki sun haddace, surukai ma sun sha har ya ginshe su. Babu mai ƙaryatawa, don ranar rabin gari ba wuta, waɗanda suka gani kuma yawanci ƙasa ta rufe musu ido. Yanzu ƙungiyar 'yan jarida za ta karrama shi ranar Asabar, Auta ta rantse sai an haska wa taro wannan yagar takarda.

Gaskiyar kuwa, ina yaga! Har kuskuren rubutu ya gyara wa sojojin. Ya karanta musu sau uku, ya kuma ƙara da addu'ar da ba ta cikin takardar.

Mai kula da ɗakin, wadda kowa ke kira Uwar-Kaset, tana zaune tsakanin kantocin ƙarfe tana fifita da tsohon fayil. A wancan zamanin ita ce mai buga tafireta, kuma ita ta buga takardar da hannunta.

"Lale marhabin! Ranka ya daɗe, yau da wa muka tashi?"

"Bar gaisuwar nan. Kaset ɗin ranar juyin mulki nake so ya ɓata."

"Ya ɓata kamar yaya?"

"Kamar yadda kaya ke ɓata a ma'aikata. Sai na koya miki?"

Ba ta kai ga amsawa ba suka ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmi a matakala. Auta ce, tun sha ɗaya saura kwata. Yarinyar nan ko ranar haihuwarta ba ta jira lokaci ba.

"Baba! Ashe ɗoki ya hana ka zama," ta ce tana dariya. Ta rusuna wa Uwar-Kaset. "Mama, ina kwana? Na zo ganin jarumina."

Uwar-Kaset ta duba babban littafin rajista, ta hau kujera ta sauko da wani kaset mai kaurin bulo, ta hure shi, ta cusa a na'ura. Mai-Labarai ya ja kujera ya zauna. Tsoro ya kama shi sosai. Ba taron Asabar yake ji ba, idon Auta yake ji, yarinyar da ta ce labarin nan ne ya sa ta karanta shari'a.

Agogon tasha ya bayyana, kiɗan labarai ya tashi. Sai hoton ya yi tsalle, ya yi yayyafi, ga wani mutum riƙe da akuya yana bayanin yadda ake ba ta maganin tsutsar ciki.

Aka tura gaba. Akuya. Aka ƙara turawa, an koma kan tunkiya. Uwar-Kaset ta sauko da kaset na biyu, tallar sabulu ce. Na uku, wasu ƙosassun mata na motsa jiki. Na huɗu, ɗan wasan barkwanci yana gudu da zanin matarsa.

"Ayya," in ji Uwar-Kaset. "Shekarun da aka daina sayo sabon kaset, duk shirin da ya rasa nan yake zuwa ya ɗauka, a naɗa a kai. Na Yallaɓai aka fi ɗiba, tunda ba mai neman su."

Wani sanyi ya ratsa Mai-Labarai har tafin ƙafa. Allah ya rufa asiri! Amma sanyin bai daɗe ba, wani abu ya soke shi. Shekara sha shida yana shiga falon mutane kowace rana, ashe ko tarinsa bai rage ba. Akuya aka fifita a kansa.

Auta ta ɓata rai, ta ja rajistar gabanta tana bi da yatsa. Can fuskarta ta washe.

"Baba, ai ga shaida! An rubuta Mai-Gilashi ne ya karanta sanarwar. Ka ga, da ka ƙi, shi suka sa."

Mai-Gilashi abokin hamayyarsa ne, maimaicin washegari kawai ya karanta, ya kuma daɗe da rasuwa. Shiru kaɗai ake buƙata daga Mai-Labarai, a tashi lafiya.

"Allah ya jiƙansa," Uwar-Kaset ta ce, tana goge na'ura ba ta dubi kowa ba. "Masu bincike duk shi suke tambaya. Wai muryar wancan zamani ke nan. An ce sojojin sun gwada kowa a gidan nan, tasa ce kaɗai ta cika musu kunne."

"Wa? Mai-Gilashi?" Mai-Labarai ya miƙe tsaye. "Mutumin da ke magana ta hanci kamar mai mura? Ƙarya ne wallahi! Mota suka aika har gida aka ɗauko ni. Ni na karanta, sau uku, ko numfashi ban saɓa ba! Babbansu da kansa ya miƙo mini hannu!"

Auta ta janye yatsanta daga kan littafin, ta dubi mahaifinta, ta daɗe tana dubansa. Shi kuwa bakinsa a buɗe, hannunsa na sama inda ya ɗaga shi.

Uwar-Kaset ta jawo rajistar, ta cire murfin biro da haƙori.

"To bari a gyara, kada a ci haƙƙin mutum. Ranka ya daɗe, sau uku ka ce?"