Hannun Gwangwani

Har yau in na tuna abin da aka yi wa Gwadabe a ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo da ke Limawa, raina ɓaci yake yi. Kuma haushin kaina nake fara ji, don ni na ƙirƙiro Arzika.

Arzika ba mutum ba ne. Akwati ne mai ƙwaƙwalwa, irin kwamfutar da na taɓa leƙawa a wani ofis, sai dai nawa yana tunani yana magana. A labarin da na tsara, an ajiye shi don ya riƙa gaya wa makiyaya inda ruwa da ciyawa suke, shi kuwa ya koma tsegunta wa ɓarayi inda shanu ke kwana. Daga baya ya yi nadama, ya roƙi a ba shi jiki da ƙafafu ya je ya nemo shanun da kansa. Duk Asabar bayan la'asar muke wasan a wani fili, mutane har daga Kiyawa suke zuwa a kan babura.

Gwadabe ne muryar akwatin. Maƙerin gwangwani ne, yana yin bokiti da mazurari a bakin kasuwa. A 1993 ya saci babur, ya yi wata goma sha takwas a gidan yari, ya fito, bai ƙara ɗaukar ko allurar wani ba. Amma shekara bakwai ke nan in ya shiga masallaci sai ka ga wasu na jawo takalmansu kusa. Shi ya sa yake tsugunawa bayan labule, yana magana ta cikin bututun da ke sauya masa murya, jama'a na tafawa ba su san wa suke tafa wa ba.

Ranar da na gaya masa Arzika zai sami jiki, kuma shi zai sa, ya ajiye guduma.

"Malam Yahuza, ni zan fito? Gaban mutane?"

"Kai za ka fito. A ƙarshe ka cire kan, su ga wanda suke yabawa."

Mako uku ya yi yana ƙera jikin nan da garwar kananzir, har da yatsu biyar-biyar masu lanƙwasa. Ya gaya wa mahaifiyarsa, Inna Gaji, ta shirya zuwa kallo.

To mu a ƙungiyarmu ba a fitar da ƙarshen wasa sai uban ƙungiya ya sa albarka. Alhaji Idirisu ne, tsohon ma'aikaci, wanda lasifika da bencuna duk nasa ne, kuma an taɓa kore wa mahaifinsa garke guda a Buji. Lokacin an fara aiki da shari'ar Musulunci, duk majalisar da ka zauna maganar haddi ake yi.

Na karanta masa ƙarshen, ya ɗaure fuska.

"Akwatin da ya ci amana za ka ba ƙafa? Yana zaune ya kwashe garke, ina ga ya miƙe?"

"Ranka ya daɗe, ai ya tuba."

"Wa ya ga tubar? Akwati yana da zuciya ne?" Sai kuma ya yi murmushin da har yau na tsana. "To a ba shi jikin. Da ba shi da hannu ba yadda za a yi da shi. Yanzu in ya dawo da shanun sai a yanke, jama'a su ɗauki darasi."

Na buɗe baki zan yi musu, na tuna lasifika, na ce to. Wallahi abin da na ce ke nan, ni da nake cika baki a teburin mai shayi cewa ba mai taɓa min labari.

Da na kai wa Gwadabe, bai ɗago ba. Ya ce, "Dama ko hagu?" Na ce dama. Ya kwance wuyan hannun gwangwanin, ya maƙala shi da ƙusa ɗaya yadda da an zare zai faɗi. Aikin ya yi kyau ƙwarai, kuma wannan ya ƙara ƙona min rai.

Mu ba ma haddace rubutu. A gaya maka inda za ka fara da inda za ka tsaya, tsakiyar taka ce. Abu ɗaya na umarce shi ya faɗa in alƙalin wasa ya yanke hukunci: "Na cancanta."

Ranar Asabar filin ya cika maƙil. Arzika ya fito yana ƙwaram-ƙwaram, yana koro shanunsa, wato 'yan wasa biyu cikin fata. Aka yi ta ihu da tafi. Alƙali ya yanke hukunci, sai bakunan nan da suka gama tafi suka ɗauka, "A yanke! A yanke!"

Gwadabe ya cire kan gwangwanin. Gumi ya jiƙe shi sharkaf. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Kai, ashe ɓarawon babur ne!" Aka kwashe da dariya.

Ya zare ƙusar da kansa, hannun gwangwani ya faɗi ƙasa. Ya zuro nasa, duk tabon yankan kwano, ya taka har bencin gaba ya miƙa wa Alhaji Idirisu.

"Alhaji, wancan gwangwani ne, ba ya jin zafi. Ga na gasken. Shekara bakwai kuna kallonsa. In za ku yanke, ku yanke yau. In ba za ku yanke ba, ku gaisa da ni."

Alhaji ya dubi hannun, ya cusa nasa biyun cikin babbar riga. Gwadabe ya juya da shi ga na kusa, ga na kusa da shi, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Inna Gaji ce ta taso daga wajen mata, ta ratso filin da mayafinta, ta kama hannun, ta ja shi suka fita, gwangwani na ƙara a bayanta. Ni taku uku ne tsakanina da shi duk tsawon lokacin nan, na riƙe takardar wasa da hannu bibbiyu.