Abin da Inna Ke Faɗa Bayan Sabis Ya Ɗauke

Wani irin mafarki na yi daren jiya, kuma ƙarfen sabis ɗin ƙauyenmu ne ya ja mini. Da la'asar Innata ta kira ni. Sai ta kifa turmi a bayan rumbu ta hau kafin wayarta ta kama, tsohuwa da ita. Ta tambayi matata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har keken ɗinkina ta tambaya, ni kuwa ko oho. Ni ne ɗan fari, tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Wannan" nake a bakinta, ran da ta ji daɗi in zama "mutumin birni". Na san kunya ce ta al'ada, amma wallahi abin yana cin raina. Can sai ta ce dama akwai wata magana, ɗif, sabis ya ɗauke. Na yi ta kira har na gaji. Na kwanta da fargabar ko wani ciwo take ɓoye mini.

Sai ga ni a wani gari inda ƙarafunan sabis ke yawo da ƙafafunsu. Wani makiyayi ya koro garkensu zuwa rafi, mutanen gari na biye a guje, kowa da waya a kunne, don kada maganarsa ta yanke. Ruwan sama yana tasowa daga ƙasa ya yi sama, saboda haka kowa ya juyar da lemarsa ya tsaya a ciki. Ni ma na yi yadda suka yi, baƙo ba ya gardama.

Ban san yadda aka yi ba, na tsinci kaina a ofishin yankakkun maganganu. Shugabar wurin akuya ce mai tabarau, tana taunar igiyar caji cikin natsuwa. Ta tambaye ni abin da ya ɓace mini, na ce ƙarshen maganar mahaifiyata. Ta bayyana mini cewa duk abin da mutum ya faɗa bayan layi ya yanke ba ya salwanta: yakan hau ƙarfe, ya rasa hanya, ya faɗo gindinsa, da safe a share a tara. Ta ce in je wurin ƙarfen ƙauyenmu, amma in yi sallama, dattijo ne. Da zan fita ta roƙi alfarmar ta ɗanɗana hulata. Na ba ta, ai ta yi mini aiki.

Daga nesa na gane shi, da jar fitilarsa a ka da sheƙar shamuwa a kafaɗa. Ya durƙusa kamar raƙumi yana shafa wa gwiwoyinsa man zafi. Na zo da niyyar in zage shi tas, shekara da shekaru yana yanke mini magana, amma da na ga tsufansa sai na gaishe shi. Ya ce ina fa lafiya, gaisuwar mutanenmu ce ta karya masa baya. Kafin a kai ga magana guda sai ya ɗauki ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina dabbobi, ina labarin damina, ya miƙa wa na gaba. Dole ya riƙa zama yana hutawa, kuma zaman nan nasa shi ne muke kira ɗaukewar sabis.

"Amma tsohuwarka ba ni nake yanke ta ba," in ji shi. "Daga kan turmi tana kallona. Jira take ta ga na zauna, sannan ta yi magana."

A gindinsa maganganu ne tsibi guda kamar gyaɗa a masussuka, kowace cikin ɓawonta. Na fasa wata, wani saurayi ne ke rantsuwa bai taɓa son kowa ba sai Talatu. Na fasa wata, wata mata ce ke cewa a taho da gishiri. Ƙarfen ya ce in daina shiga sirrin mutane, ya nuna mini wata ƙwarya da aka rufe da faifai. Na buɗe na kai hannu, sai 'yan gyaɗan suka gangara gefe, suka ƙi yarda mu haɗa ido. Halin mai su ne. Sai da na juya musu baya, na miƙa hannu ta baya, sannan ɗaya ta yarda.

Na fasa. Muryar Inna ce, ƙasa-ƙasa.

"Haladu, ka ci abinci?"

Na fasa wata. "Haladu, muryarka ta rame."

Ashe haka sunana yake da daɗi. Na yi ta fasawa kamar mayunwaci, ƙwaryar ba ta raguwa. Can ƙasa na taɓo wata mai ɗumi, ta jiya da la'asar. Na fasa ta.

"Ba wata magana ba ce, Haladu, lafiyata lau. Sunan ne kawai ban faɗa ba yau."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Hawayen suka bi tsarin garin suka yi sama, suka jiƙa shamuwa, ta harare ni. Na fara cusa gyaɗan a aljihu, sai ga akuyar nan da ragowar hulata a baki, tana buga ƙaho a jikin ƙarfe, wai doka ta hana fita da su. Ƙwang, ƙwang, ƙwang.

Mai ruwa ne ke dukan ƙofar gidanmu, rana har ta fito. Na laluba aljihu, babu komai sai wayata. Na kira Inna, aka yi sa'a tana kusa da turmi. Ta ce au, mutumin birni ne, ina yara, ina mai ɗakin, ina keken ɗinki. Ɗif, ya ɗauke.

Ban sauke wayar daga kunnena ba. Na ɗan jira kaɗan, na ba ta lokaci, sannan na ce, "Na'am, Inna."