Hasken Ƙarfe Uku

"Ajiye miyar, Frau Lenzen, ta kusa zuwa," in ji Herr Dahmen daga kan gado, idonsa na kan taga.

Trude Lenzen, wadda ke zaune a ƙasan benen, ta dangwarar da kwanon. Shekara goma sha ɗaya tana hauro masa da miyar dankali, tun da aka sake gina layinsu a birnin Düsseldorf na Jamus bayan yaƙi, bai taɓa ɗokin zuwanta haka ba. Rana yake jira. Kullum ƙarfe uku haske yakan shigo ɗakinsa, sai ya ɗaga zaren fim yana karce shi da allura, allurar ma tata ce. Fim ɗin ba mutum ko ɗaya, sai walƙiya da ɗigo-ɗigo. Ɗalibai kan cika ɗakin ƙasa suna kallo tsit kamar a coci. Shi kuwa cewa yake addu'arsa ke nan.

"To ta zo ta wanke maka riguna mana, tunda ita ce 'yar gaban goshi," in ji Trude.

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Likita ya riga ya faɗa mata ba zai kai Lahadi ba.

Akwai abin da ba ta taɓa gaya masa ba. Wankau take yi, kuma da gangan take shanya fararen zannuwan gado a tsakar gida, daidai saitin tagarsa, ko ta tare masa ranar nan. Yau abin ya tsaya mata a rai. Ta sauka ta kwashe su tas, da danshinsu.

Da ta dawo, ɗakin ya yi duhu.

"Wa ya kwashe shanyar?"

"Ni ce. Na bar ka da masoyiyarka, ku gana."

"Haba, Trude." Bai taɓa kiran sunanta ba sai yau. "Tun da aka ɗaga bangon can rana ba ta leƙo nan. A kan zannuwanki take dukawa, sannan ta shigo."

Ta sauka da gudu duk da ciwon gwiwa. Tana mayar da shanyar, zani ɗaya ya faɗi ƙasa, ta shanya shi haka nan da dattinsa.

Ko da ta hauro, ya cika, allurar na tsakanin yatsunsa. Iska na kaɗa shanyar a ƙasa, hasken yana kai-komo a kan fuskarsa. Ta zauna a bakin gado, sannan ta ɗan matsa don kada ta tare.