Minsharin Tela

Duk layin babu wanda bai san minsharin Tela ba. Matarsa ce ta laƙaba masa suna Janareto tun suna ango da amarya, sunan kuwa ya bi shi har shago. In ya kishingiɗa a falo da rana, minshari ya ɗauko kamar zai yaye rufi, can sai ka ji ɗif. Yara su ce, "Mama, mai ya ƙare!" Ita kuma ta ce, "Madalla, kunne ya huta." Jim kaɗan ya shaƙe, ya zabura, janareto ya sake tashi, a kwashe da dariya. A haka yaran suka girma.

Sai hannunsa na dama ya fara rawa. Mutumin da ke yanka yadi ba awo, ya zama almakashi na kauce masa. Kullum da safe matar ke riga shi zuwa shago ta zura masa zare a allurar keke, shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Masu kawo ɗinki suka fara janye jiki ɗaya bayan ɗaya. Shagon nan kuwa shi ne mutuncinsa.

A asibiti likita ta ce cutar rawar jiki ce, daga ƙwaƙwalwa take tasowa. Sannan ta juyo ga matar.

"Mama, Baba yana minshari?"

"Minshari? 'Yar nan, tambayi maƙwabta."

"Yakan yi shiru a tsakiya?"

"Ai lokacin ne muke samun sa'ida."

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mama, a shirun nan ba ya numfashi."

Matar ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Likita ta yi bayani a hankali: ƙwaƙwalwa tana wanke dattinta ne in barci ya yi nauyi. Shi kuwa da ya fara nitsewa sai numfashi ya yanke, jiki ya fizgo shi. Kamar mai shara ce da ake ta ƙwace wa tsintsiya.

Matar ta ce, "To shi ya jawo rawar?"

"Ba zan ce shi ne ba. Amma bai taimaka ba."

"In an gyara barcin, hannun zai dawo?"

"Mu dai yi ƙoƙarin kare abin da ya rage."

Kunne ya ji, zuciya ta ƙi. Aka ba su na'urar da ke tura iska ta hanci, matar ta rungume ta har gida kamar jaririya. Minshari ya ɗauke. Fuskarsa ta washe, ya daina gyangyaɗi ana tsakiyar hira. Ita kuwa kullum idonta na kan hannun, tana jiran ya lafa.

Wata safiya ya ce, "Uwar yara, yau kar ki riga ni. Tare za mu."

Ya zauna gaban keke, ya lashi bakin zare, ya nufi allura. Zaren ya wuce ta dama. Ya sake, ya wuce ta hagu. Ya danne hannun da ɗan'uwansa, duka biyun suka ɗauki rawa. Tana tsaye a bayansa, ta cije leɓe, don ta san in ta miƙa hannu ta gama da shi.

Ya ajiye zaren, ya jawo ƙyallen rufa keke ya lulluɓe shi, ya gyara kusurwoyin da kyau.

"To," in ji shi, yana ƙoƙarin murmushi, "wannan karon da gaske mai ya ƙare."

Ya ɗago yana jiran amsarta ta kullum. Ta buɗe baki, ta tuna sau nawa ta ce madalla alhali mijinta na neman numfashi a gefenta, sai kuka ya ƙwace mata.